Sakatar da Malam Tukur Ya Cire

Samarin da suke zuwa koyon aiki wurina yanzu sukan ce buɗe shafi a intanet ba wani abu ba ne. Suna da gaskiyarsu. Mutum ya danna nan ya danna can, kafin shayinsa ya huce shafi ya tsaya. Ba na musu da su. Abin da nake gaya musu kawai shi ne, a ƙarƙashin abin da suke dannawa akwai rubutun da wani ya zauna ya yi, kuma bai gama shi ba sai da ya haƙura da wani abu don ya sami wani. Zan ba da labarin zaɓi ɗaya da maigidana ya yi, da saƙon ɗa zuwa ga uwarsa da ya salwanta a dalilin zaɓin. Har yau ban iya cewa daidai ya yi ko kuskure ba.

Sunansa Malam Tukur, mutumin Warra. Malamin lissafi ne kafin ya yi aiki da masu binciken kifin tafkin Kainji, a can ya koyi kwamfuta. Da aikin ya ƙare sai ya buɗe shago a Yelwa, kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Lokacin jihar Kebbi ba ta yi wani tsufa ba, wayar hannu ma ba ta iso mana ba. Ni kuwa ina da iyali, ina buga wa mutane takardu da tafireta a gindin bishiya. Karatuna bai yi nisa ba. Saurin hannuna ya sa ya ɗauke ni.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tsofaffin kwamfutoci biyu, firinta mai ƙara kamar ana tsaga katako, janareta, layin tarho ɗaya, da ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin. Kafin a hau intanet sai an kira wani gari mai nisa. In an yi ruwan sama layin yakan mutu, ya dawo ranar da ya ga dama.

Babban aikin shagon shi ne allon saƙo. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga suna da 'ya'ya ko'ina, sojoji, ɗalibai, masu fataucin busasshen kifi a Kudu, direbobi a Saudiyya. Wasiƙa takan yi watanni a hanya. Sai Malam ya yi shafi ɗaya a intanet, muna ce masa allo. Wanda ke nesa ya shiga kafe, wato shagon intanet, a garin da yake, ya rubuta sunansa da sunan wanda za a kai wa. Mu kuma mu buga a takarda, mu ba direbobin jirgin ruwa ranar kasuwa. Wanda ke gida ya zo shago ya faɗa da baki, in rubuta masa. Kowa yana ganin saƙon kowa, don haka mutane suka koyi yin magana da kara. Haihuwa, aure, rashin lafiya, an samu ruwa ko ba a samu ba, duk ta nan suke wucewa.

Abin da ke karɓar saƙon ya jera shi a allo wani ɗan rubutun umarni ne da Malam ya yi da yaren kwamfuta mai suna Perl. A sana'a muna ce masa sikirif. Wahalarsa ita ce gida biyu gare shi. Ana rubuta shi ana gwada shi a injin shago, mai Windows. Amma inda yake aiki duniya ta gan shi wani inji ne a ƙasar waje, wanda muke hayar ɗan wuri a cikinsa, mai Linux. Ba mu taɓa sa shi a ido ba. Malam yana ce masa injin can. Injinan nan biyu suna jin yare ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai shi ne in tura sikirif zuwa can bayan ya yi masa gyara, shi kuma ya tafi Shanga biki. A shago komai yana tafiya. Ina turawa can, allo ya ɗauke, sai layi ɗaya da Turanci cewa an sami matsala, ba tare da faɗin wace iri ba. Na buga na shago a takarda, na buga na can, na bi su harafi bayan harafi da bakin biro. Babu bambanci ko ɗaya. Na sake turawa, na sake, har mai ya ƙare a janareta. Da Malam ya dawo ya saurare ni yana cin gyaɗa. Ya ce injin shago yana sa alama biyu a ƙarshen kowane layi, waɗanda ido ba ya gani. Injin can ɗaya ya sani, ta biyun sai ya ɗauka wani ɓangare ne na umarnin, ya rikice.

Na ce, "Malam, abin da ido bai gani, ƙaƙa zan gyara shi?"

Ya ce, "Direban jirgi na ganin kututturen da ruwa ya rufe? Ya dai san yana nan, sai shi kauce."

Irin waɗannan kututturan suna da yawa. Sandar da ke raba sunayen wurin ajiya, a inji ɗaya tana jingina hagu, a ɗayan dama. Wurin da Perl yake zaune a nan ba shi ne a can ba. Injin can yana da abin aika imel a jikinsa, na shago ba shi da shi. Dokar Malam a kan duk wannan guda ce: sikirif ɗaya tak, wanda zai yi aiki a kowane inji aka kai shi. Duk abin da inji ɗaya ya iya ɗayan bai iya ba, a haƙura da shi. Shi ya sa allonmu ba ya aika wa kowa sanarwa in an amsa masa. Shi ya sa ba mu ajiye saƙonni a rumbun bayanai irin na manyan kamfanoni ba, sai a fayil ɗaya na rubutu zalla, wanda kowane inji ke iya karantawa. Allon bai da kyau, bai da sauri. Ni a lokacin gani nake kamar mun sayi doki muna tafiya a ƙasa don kada mu saba.

Akwai ranar da na daina ganin haka. Masu injin can suka rubuto cewa za su rufe, kowa ya kwashe kayansa. Malam ya nemi wani wurin, aka dace wannan karon mai Windows ne. Bayan azahar ya zauna, ya canza layi ɗaya a saman sikirif, ya tura shi tare da fayil ɗin saƙonni. Kafin a kira la'asar allo ya dawo, ba wanda ya san an yi ƙaura. Wani abokinsa a Birnin Kebbi da ya yi wa mutanensu allo mai kyau, ya ɗaure shi da inji iri ɗaya, da aka rufe nasa wurin hayar, allon bai sake tashi ba. Daga baya muka sake ƙaura, muka koma mai Linux, nan ma da sauƙi. Da idona na ga wannan. Shi ya sa ba na yarda a gabana a ce Malam bai san abin da yake yi ba.

Gyaran da ya kawo maganar sakata kuwa daga jinkirin layi ya taso. Da farko sabon saƙo a ƙasan allo yake sauka. Da saƙonni suka taru, sai mutum ya jira shafin ya gama buɗewa tun daga sama kafin ya ga na yau, sau da yawa layi ya yanke bai kai ba. Sai Malam ya juya abin, sabo ya riƙa hawa sama. Wani Alhaji daga Shanga bai ji daɗin haka ba. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Don mi na Ɗanjuma ke bisa nawa? Ni na riga shi zuwa, kuma na girme shi." Na yi bayani na gaji. Sai da na sake rubuta masa nasa ya hau sama sannan ya tafi.

Ga yadda sikirif yake yi ya sa sabo a sama. Yana ɗauko fayil ɗin gaba ɗaya ya riƙe, ya share abin da ke ajiye, ya rubuta sabon saƙo, sannan ya mayar da tsofaffin a ƙarƙashinsa. Tsakanin sharewa da mayarwa akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da fayil ɗin yake fanko. In wani ya turo nasa daidai wannan lokacin, fankon zai ɗauko, ya rubuta nasa shi kaɗai a kai. Maganin wannan layi ɗaya ne na umarni, wanda ke tsare fayil ɗin har na farko ya gama. Muna ce masa sakata. A injin can tana aiki lafiya. A tsohon injin shagonmu kuwa, da sikirif ya iso wannan layin sai ya tsaya cak. Malam ya cire ta.

Ɗansa na fari, Nasiru, yana karatun kwamfuta a Malesiya. Ya zo hutu ya zauna a shago yana karanta sikirif ɗin, ina gefe ina buga wa wata mata takarda.

Ya ce, "Baba, ina sakata?"

"Na cire ta."

"In mutum biyu sun ka turo lokaci guda fa?"

Malam ba ya kama sunansa, Injiniya yake ce masa, rabi tsokana. Ya ce, "Injiniya, mutum nawa ke rubuto muna a yini? Duba tafkin ga da faɗinshi. Jirgi biyu su yi karo a tsakiya? Sai in da gangan."

"To a yi biyu mana, na shago daban, na can daban."

"Ka gyara ɗaya ka mance da ɗaya. Ran da an ka kore mu, wanne za ka ɗauka?"

"A sa shi tambayi injin ko shi wane ne. In na can ne shi sa sakata, in na nan ne shi wuce."

"Wato in tura abin da ban taɓa gwadawa a gabana ba. Ran da ya maƙale can, kai kana Malesiya kana cin shinkafa da kwakwa, ni ka bari da Alhajin Shanga."

Nasiru ya yi dariya ya juyo wurina. "Yaya Sale, kai mi ka gani?"

Na ce wallahi da Malam ya yi magana na ji ya yi daidai, da shi ma ya yi na ji ya yi daidai.

Malam ya ce, "Ka ji Sale. Shi duk wanda ya yi magana ƙarshe shi ke da gaskiya."

Aka bar maganar a nan. Allo ya ci gaba da aiki shekara da shekaru ba a taɓa yin karo ba.

Shekarar da ta yi mana tsanani, damina ta zo da ƙarfi. Layi ya fi zama a mace. Mun saba kwafo fayil ɗin saƙonni daga can mu ajiye a faifai, amma ya yi girma, duk lokacin da na fara saukewa sai layi ya yanke a tsakiya in koma farko. Kwafin ƙarshe da ke hannunmu na kafin faɗuwar ruwa ne. A cikin daminar Malam ya kwanta. Wata Laraba da hantsi ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Na buɗe shago na rubuta sanarwa a allo, don shi ne aikina, sannan na bi gawa zuwa Warra. Washegari na dawo. Aka yi sa'a layi ya kama. Shafin ya fara buɗewa a hankali daga sama, gaisuwa daga Legas, gaisuwa daga Jidda. Sai ga sunan Nasiru. Ya sa cewa a kai wa Inna, mahaifiyarsa, a Warra. Layin farko ya fito: "Inna, ni ne. Ban san ta inda zan fara ba." Ina jiran na biyu, layi ya yanke. Na kira na kira, shiru. Amma ban damu ba. Saƙon yana can a ajiye, gobe in buga shi in ba jirgi. Har na gaya wa direban jirgin Warra ya shaida wa Inna cewa takardarta tana tafe.

Da layi ya dawo, shafin ya buɗe nan take. Saurin ne ya fara tsorata ni. Saƙo ɗaya ne a allon, daga wani ɗalibi ɗan Ngaski: Allah ya jiƙan Malam, ya ba Inna haƙuri. Ƙasa da shi babu komai. Na rufe na sake buɗewa. Na gwada a ɗaya kwamfutar. Na sauko da fayil ɗin kansa, ya sauko kafin in gyara zama. Na rubuta wa masu injin can, suka amsa da ladabi cewa irin hayar da muke yi ba ta haɗa da ajiye kwafi ba. Na yi kwanaki ina bin sikirif layi bayan layi ina neman abin da ya lalace. Babu abin da ya lalace. Yadda Malam ya bar shi haka yake.

Nasiru ne ya gane, ya rubuto mini ta imel. Shi ya riga ya tura nasa tun ranar da ya ga sanarwa. Kashegari 'yan gida da ke karatu a garin da yake suka taru a ɗakinsa yi masa gaisuwa. Da aka shafa fatiha wani ya ce ai ya kamata a gaida Inna ma. Suka tashi gaba ɗaya suka tafi kafe, suka zauna a jere kowa da kwamfutarsa. Waɗanda suka riga gamawa suka jira sauran, don ba kyau wani ya riga wani shiga, sannan suka tura tare.

Lissafin Malam bai yi ƙarya ba a kan ranakun yau da kullum. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne mu ba ma zuwa ta'aziyya ɗai-ɗai. Jiran juna muke yi a ƙofar gida, mu yi sallama tare. Shi da kansa haka yake yi. Ni ma ina wurin ranar da aka yi gardamar, abin bai zo mini ba.

Na roƙi Nasiru ya sake rubutawa. Ya ce ya gwada. Ya ce wancan kai tsaye ya rubuta shi a allo, bai ajiye ko'ina ba, yana da tsawo, kuma bai san ma duk abin da ya faɗa ba. Duk wanda ya fara yanzu sai ya ji kamar wani ne ke magana. Abin da ya iya turowa gaisuwa ce ta layi biyu, irin wadda kowa ke yi. Bai ambaci maganar sakata ba, ni ma ban ambata ba.

Na mayar da tsohon kwafin faifai, saƙonnin damina duka sun tafi. Na sa sakata a sikirif na can, na bar na shago babu. Ya zama biyu ke nan. Ga samarin da ke son sanin abin da ya biyo baya: ba a sake yin karo ba. Amma kowane gyara sai na yi shi sau biyu, kuma na can ba na iya gwada shi sai mutane sun yi amfani da shi. Da aka sake tashinmu, ƙaurar da Malam ke yi tsakanin salla biyu ta ci mini makonni allo yana rufe, kuma a cikin makonnin an yi haihuwa an yi rasuwa ba a ji ba. Wani saurayi ya taɓa nuna mini hanyar yin sakata da ke aiki a kowane inji. Na tambaye shi in wuta ta ɗauke sakatar tana rufe, wa zai buɗe. Ya ce akwai dabarar wannan ma. Na yarda akwai. Kowace dabara na bi, sai in tarar da wani kututturen a gabanta.

Ranar kasuwar Warra na shiga jirgi da takardar layi biyun nan. Inna tana takaba, tana zaune a ɗakinta da ƙanwarta. Na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa. Ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ce, "An ce yaron nan ya rubuto."

Na karanta mata layi biyun.

Ta ce, "Wanga ba shi ne na farin ba."

Na ce ba shi ba ne, Inna. Na farin ya ɓace.

"A ruwa ya faɗa?"

"A'a. Bai kai ga takarda ba. A cikin injin ya ɓace."

"Injin shagonku?"

"A'a, wani ne, a ƙasar waje."

"To a aika su duba mana. Ko wani ya ɗauka?"

Na ce ba wanda ya ɗauka. Na fara yi mata bayanin yadda abokansa suka turo gaisuwa tare, sai na ji bayanin yana nufin gaisuwar da aka yi mata ce ta share maganar ɗanta. Na tsaya. Ƙanwarta ta ce, "Kai Sale, ko dai ba ku iya aikin ba sai marigayi?" Inna ta ɗaga mata hannu.

Ta ce, "Kai ka gan shi da idonka?"

"Layin farko kaɗai na gani."

"Faɗa mini."

Na faɗa mata: "Inna, ni ne. Ban san ta inda zan fara ba." Ta ce in sake, na sake. Sannan ta ce, "Kana da biro?"

Na fito da shi, na juya bayan takardar.

"Rubuta mishi. Ka ce na ji. Ka ce ni ma ban sani ba."

Na rubuta, na riƙe biro ina jiran sauran.

Ta ce, "Shi ke nan. Amma wanga ka sa shi inda ba ya ɓacewa."

Na ce to, Inna. Ban gaya mata cewa ban san irin wannan wurin ba.